Daga Kwalbar Ruwan Kogin Kaduna Zuwa Kujerar Farfesa

Duk wanda ya saba buɗe kundin ɗaliban sashen kemistiri a jami'o'inmu ya san wannan jadawalin: sunayen wuraren da aka ɗebo ruwa a hagu, sunayen ƙarafa a sama, lambobi a tsakiya. Dalma 0.004, kadmiyom 0.001, kuromiyom 0.02. A ƙasa kuma sai jimla guda, cewa ruwan bai haura iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya ba. Irin waɗannan lambobin ake tarawa su zama maƙala, maƙaloli su kawo ƙarin girma, ƙarin girma ya kai mutum kujerar farfesa. Shi ya sa in ana son a auna farfesan kemistiri, hanya mafi gaskiya ita ce a ɗauki lamba ɗaya cikin takardunsa a bi sawunta. Wace na'ura ce ta ba da 0.004 ɗin nan? Wa ya wanke kwalbar da aka zuba ruwan?

Tsanin kansa ba ya da wuyar bayani. Matashin da ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, ya gama yi wa ƙasa hidima, jami'a kan ɗauke shi a ƙaramin matakin da ake ce wa giraduwet asistan. Yana tsaya wa ɗalibai a darasin gwaji, yana duba rahotanninsu, yana kuma karatun digiri na biyu. In ya kammala sai ya zama mataimakin lakcara, daga nan lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban lakcara, sai rida, wanda wasu jami'o'in ke kira mataimakin farfesa, sannan farfesa. Ba a hawa matakin babban lakcara sai da digirin digirgir. Galibi shekara 3 ake yi a kowane mataki kafin a duba mutum, don haka daga mataimakin lakcara zuwa farfesa ƙarin girma 5 ne, shekara 15 ke nan in babu abin da ya gitta. Abubuwa kuwa suna gittawa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8, kuma ga mai binciken ruwa wannan ya fi asarar zangon karatu, domin samfurin da aka adana da asid wata 6 ne wa'adinsa. Wanda ya ɗebo ruwa a Janairun 2022 bai auna ba kafin a rufe makaranta, ya dawo ya tarar da kwalaben da sai dai a zubar.

Matakai biyu na ƙarshe ba a cikin gida ake yanke su ba. Ana tattara takardun mutum a aika wa farfesoshi na wasu jami'o'i masu fanni irin nasa, yawanci su uku, ba tare da ya san su waye ba, kuma ana bukatar aƙalla biyu su ce ya cancanta. Amsa kan ɗauki shekara ko fiye. Wanda ya haye, dokar 2012 ta ba shi damar zama kan aiki har ya cika shekara 70.

A jihar Kaduna mai wannan sana'a ba ya rasa abokan aiki. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, ga Jami'ar Jihar Kaduna tun 2004, ga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Abin bincike ma yana bakin ƙofa. Kogi ya ratsa tsakiyar gari. Masaƙu sun fara kafuwa a Kakuri tun 1957, matatar mai ta fara aiki a 1980, ga maƙera da masu narka ƙarfe a Panteka, ga masu fasa tsohon batir da makanikai a kowace unguwa, ga kuma masu noman rani suna jan ruwan kogin da na magudanan da ke zuba cikinsa suna ba alayyafo da latas. Bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, babu wanda zai ce auna dalma aikin cike takarda ne. Lambar da aka rubuta tana iya sa a rufe rijiya, tana kuma iya sa a bar yara su ci gaba da shan gubar.

To, mu koma ga kwalba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin yana farawa kwana biyu kafin a je bakin kogi. Kwalbar roba mai kauri ake so, mai cin lita 1, da murfin roba zalla, domin gilashi yana riƙe dalma a jikinsa, murfin ƙarfe kuma yana ƙara nasa. A wanke ta da sabulun ruwa, a ɗauraye, a jiƙa ta cikin asid nitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 na awa 24, a ɗauraye sau uku da tataccen ruwan ɗakin gwaji, a kife ta bushe inda ƙura ba ta kaiwa. Wanda ya sayi robar ruwan sha a shago, ya zubar ya cika da na kogi, ya yi kitso da ƙwarƙwata, kuma babu wata na'ura mai tsada da za ta gyara masa daga baya.

Kogin yana shigowa gari ta wajen Malali da Unguwar Rimi, ya bi ta Kabala, ya wuce gada, ya gangara ta Nasarawa da Kudenda. Dole a sami wurin ɗiba ɗaya a sama da gari wanda zai zama abin kwatance, sannan bakin kowane magudani, sannan ƙasa da shi inda ruwan biyu suka gama haɗuwa. In babu na sama, ba yadda za a yi a ce gari ne ya ƙara wani abu. Mai ɗiba ya fuskanci inda ruwa ke fitowa don kada lakar da ƙafarsa ta tayar ta shiga kwalba, ya ɗauraye ta sau uku da ruwan kogin, ya nutsa ta santimita 20 zuwa 30 ƙasa da saman ruwa. Zafin ruwa da ma'aunin tsaminsa, wato pH, nan take ake auna su a bakin kogi, don suna canzawa kafin a kai mota.

Nan ne ake yin kuskure na farko mai girma. In ƙarfen da ya narke cikin ruwa ake nema, sai an fara tace ruwan da matacin da ƙofofinsa suke maikuromita 0.45 kafin a zuba asid. In aka zuba asid tukuna, zai narkar da ƙarafan da ke manne jikin laka, lamba ta kumbura. Da damina, lokacin da kogin ya yi jawur da laka, bambancin yana da yawa ƙwarai, har mutum ya rubuta cewa damina ta fi rani gurɓata alhali laka ya auna. Bayan tacewa sai a ɗiga asid nitirik mai ƙarfi, mililita 1.5 zuwa 2 a kowace lita, har pH ya sauka ƙasa da 2, a jera kwalaben cikin kula da ƙanƙara. Mafi yawan ƙarafa za su jira wata 6 a haka, zaiba kwana 28. Akwai kuma kwalba ɗaya da ake tafiya da ita cike da tataccen ruwa daga ɗakin gwaji. A buɗe ta a bakin kogi, a zuba mata asid iri ɗaya, a rufe, ta dawo tare da sauran. Ita ce fanko, wadda a ɗakin gwaji ake ce wa bilank. Duk abin da na'ura ta gani a cikinta daga hannunmu ya fito, ko asid, ko kwalba, ko iska.

Kuromiyom yana da nasa hukuncin. Wanda majema ke jima da shi mai caji 3 ne, mai tsananin guba kuwa mai caji 6 ne, kuma na'urar da ake yawan amfani da ita jimillarsu take bayarwa. Mai son na shida sai ya ɗebi kwalba daban, kada ya sa mata asid, ya auna cikin awa 24 da sinadarin difenilkabazaid, wanda ke mayar da ruwan ja mai ratsin shuni, a karanta a nanomita 540.

A ɗakin gwaji, in jimillar ƙarfe ake so, sai a dafa samfur. A auna mililita 100 cikin bika, a ƙara asid nitirik mililita 5, a rufe da ɗan faifan gilashi, a ɗora kan farantin wuta a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, a bar shi yana tururi a hankali har ya koma mililita 15 zuwa 20 kuma ya yi garau. Kada ya tafasa da ƙarfi, zai yi tsartuwa ya fice da abin da ake nema. Kada kuma ya ƙafe, don abin da ya bushe ya kama gindin bika ba lallai ya sake narkewa ba. In ya huce a juye cikin filas mai alamar mililita 100, a ɗauraye bikar sau uku a ciki, a cika zuwa layi. Fanko ma haka za a dafa ta, a kan faranti ɗaya, a lokaci ɗaya. Da hunturu a kula sosai. Bika da aka bari buɗe na awa guda kusa da taga ta sha ƙura, ƙura kuwa ƙarfe ce. Game da asid fakulorik da wasu tsofaffin hanyoyi ke cewa a ƙara, ra'ayina shi ne kada a ba ɗalibi shi sai malami na tsaye, domin in ya haɗu da ganye ko mai a kan wuta ya kusa ƙafewa, fashewa yake yi.

Na'urar da mafi yawan maƙalolin nan suka dogara da ita ita ce AAS mai harshen wuta, wadda Alan Walsh ya fito da tsarinta a Ostireliya a 1955. Kowane ƙarfe da fitilarsa. Fitilar dalma tana ba da haske a nanomita 283.3, ta kadmiyom a 228.8, ta kuromiyom a 357.9. Na'urar tana zuƙo samfur ta siririn bututu, ta fesa shi cikin wutar iskar asitilin, irin ta masu walda, mai zafin kusan digiri 2,300. Ƙwayoyin ƙarfen da ke cikin wutar sai su shanye wani ɓangare na hasken fitila, kuma gwargwadon abin da suka shanye gwargwadon yawansu. Na'urar ba ta san miligiram ba sai an koya mata. Ana narkar da giram 1.598 na gishirin dalma naitiret a lita 1, ya ba da miligiram 1,000 na dalma a lita. Daga nan a tsinka zuwa 100, sannan a haɗa 1 da 2 da 5 da 10 a ranar da za a yi aiki, don tsinkakken ruwan ma'auni ba ya kwana da ƙarfinsa. A bar fitila ta yi ɗumi minti 15 zuwa 20. A karanta su, a ja layi, kuma in ma'aunin miƙewar layin bai kai 0.995 ba a sake haɗawa. Bayan kowane samfur 10 a mayar da ɗaya daga cikin ruwan ma'aunin a gani. In ya kauce da fiye da kashi 10 cikin 100, waɗancan goman sun tashi.

Abubuwan da ke sa ya kauce sanannu ne. Gishiri ya toshe tsagar da wuta ke fitowa, sai ka ga harshen ya rabu biyu da giɓi a tsakiya. Bututun zuƙa ya shaƙe da laka saboda ba a tace ba. Tukunyar gas ta kusa ƙarewa: asitilin a narke yake cikin asiton, kuma in matsin tukunya ya sauka ƙasa da misalin 6 zuwa 7 a ma'aunin matsi na bar, asiton ya fara biyowa, wuta ta canza launi, karatu ya rikice. An ɗauke wuta an tayar da janareto, ƙarfin lantarki yana hawa yana sauka, hasken fitila yana rawa. Kuromiyom kuma yana son wuta mai yawan gas, mai ɗan rawaya, kuma baƙin ƙarfe da ke cikin samfur yana danne karatunsa sai an ƙara amoniyom kulorayid. Ƙasarmu ja ce, baƙin ƙarfe ya yi mata yawa, don haka wannan matsala tamu ce ta kullum.

Yanzu mu dawo kan 0.004 ɗin nan, don a nan maganar take. Iyakar dalma a ruwan sha, a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya da kuma ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, miligiram 0.01 ce a lita. Ta kadmiyom 0.003, ta kuromiyom 0.05. Kowace na'ura tana da ƙaramin adadin da ƙasa da shi ba ta iya bambanta ƙarfe da rawar wuta. Ana gano shi ta karanta fanko sau 7 zuwa 10, a lissafa yadda karatun ya warwatsu, a ninka sau 3. Ga dalma a AAS mai harshen wuta, a aikin yau da kullum wannan adadin yakan kai wajen 0.05, wato ninki 5 na iyakar da ake son a gwada ruwa da ita. Allon na'urar zai nuna 0.004 in ta ga dama, zai ma nuna lamba mai alamar ragi, amma wannan motsin wuta ne. Kamar a ɗora ƙwayar gero a sikelin buhu a ce an san nauyinta. Wanda ya rubuta cewa ruwan rijiya ya tsira daga dalma da irin wannan awo bai tabbatar da komai ba. Wanda kuma ya ga 0.03 ya shelanta cewa an ninka iyaka sau uku, shi ma bai tabbatar ba. Abin da gaskiya ta yarda a rubuta shi ne: ƙasa da abin da na'ura ke iya gani, sannan a faɗi adadin.

Mafita tana nan. Ko a je inda ake da AAS mai tanderun girafait ko na'urar ICP-MS, waɗanda ke gani ƙasa da maikurogiram 1, wato miligiram 0.001, a lita. Ko a tattara ƙarfen kafin awo: a ƙafar da mililita 500 zuwa 50, ya ninku sau 10, tare da sanin cewa gishirin ruwan da dattin fanko su ma sun ninku. Wasu kan koma hasken nanomita 217.0 na dalma don ya fi ji, amma ya fi hayaniya, kuma sai an kunna fitilar ditiriyom mai cire abin da ba na ƙarfen ba daga karatun, in ba haka ba gishiri ya fito a matsayin dalma. A Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kusan kilowat 30. Yana auna ƙarafa da yawa a ƙasa da ganye ba tare da an narkar da su ba, ni'ima ce babba ga masu bincike a arewa, sai dai dalma tana cikin waɗanda wannan hanyar ba ta kamawa da kyau. Kowace hanya aka bi, a ɗauki samfur ɗaya a raba biyu, a ƙara wa rabi adadin dalma da aka sani, a dafa su tare. In abin da aka ƙara ya dawo tsakanin kashi 85 da 115 cikin 100, hanyar tana aiki.

Ɗalibai da yawa ba su taɓa na'urar da hannunsu ba. Suna kai kwalabe wani ɗakin gwaji, su biya kuɗi kan kowane ƙarfe a kowane samfur, bayan mako biyu a miƙo musu takarda ɗaya mai lambobi. Ba laifinsu ba ne, lissafin ne da nauyi: wuri 10, damina da rani, maimaici 3, samfur 60 ke nan, in ƙarfe 5 ne awo 300, ban da fanko. Malamin da ya san aikinsa zai sa ɗalibi ya karɓo layin saitin na'ura da ɗanyen karatun da sakamakon fanko. Zai kuma sa a saka kwalba biyu a ɓoye cikin jerin, da lamba irin ta sauran: ɗaya tataccen ruwa, ɗaya ruwan ma'auni mai miligiram 2 a lita. In ta farko ta dawo da dalma, ko ta biyu ta dawo da 0.6, an san matsayin sauran 60 ɗin tun kafin a rubuta babi na huɗu, babin sakamako.

Ƙasa da ganye sun fi ruwa sauƙi ta wani gefen, don ƙarfen ya fi yawa a cikinsu. A shanya ƙasa a inuwa, a daka a turmin tangaran, a tankaɗe da rariyar roba mai milimita 2, a dafa giram 1 da haɗin asid haidurokulorik kashi 3 da nitirik kashi 1, a tace a cika zuwa mililita 50. In na'ura ta ce 0.8 a lita, a ninka da 50 a raba da 1, ya zama miligiram 40 a kilo. Tarkon yana wajen ganye. Iyakar da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta sa wa ganyen miya ita ce miligiram 0.3 na dalma da 0.2 na kadmiyom a kilo na ɗanyen ganye. Mai bincike kuwa busasshe yake aunawa, alayyafo kuma kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Sakamakon busasshe ya ninka na ɗanye kusan sau 10. Wanda ya sami 1.5 a busasshe ya ɗora shi kan 0.3 zai ce an haura sau 5, alhali in ya mayar da shi ɗanye 0.15 ne, rabin iyaka. Wannan kuskuren yana taɓa abincin mutane, don magana ɗaya a rediyo ta isa ta sa a ƙaurace wa kayan lambun unguwa guda. Maganinsa a auna nauyin ganye kafin busarwa da bayanta, a rubuta duka biyun.

Daga auna gurɓata, masu bincikenmu kan wuce zuwa neman abin tace ta, kuma nan ne aka fi samun maƙaloli. Ana ƙona ɓawon gyaɗa ko totuwar masara ko ɓuntun shinkafa a zafin digiri 400 zuwa 600 bayan an jiƙa su da asid fosforik, a sami gawayi mai ƙofofi, a kaɗa shi cikin ruwa mai dalma, a ga nawa ya kama. Tunanin yana da kyau, kayan suna zube a gonakinmu. Amma da zarar pH ya haura 6, dalma da kanta take fara kwantawa kamar farin gari, ko da gawayi ko babu. Jadawalin da ya nuna an cire kashi 99 cikin 100 a pH 8 yana yaba wa gawayi kan aikin da bai yi ba. Dole a ajiye filas ɗaya marar gawayi a kowane pH, a kuma tuna cewa takardar tacewa ma tana riƙe nata rabon. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waɗannan gwaje-gwajen a tataccen ruwa suke ƙarewa. Ruwan magudanin Kakuri yana ɗauke da kalsiyom da rini da sabulu, duk suna rige-rigen gurbi ɗaya da dalma, kuma gawayin da ba a gwada a cikinsa ba ba a san ƙarfinsa ba tukuna.

Tsarin ƙarin girma maki yake ƙirgawa, kowace jami'a da nata ma'aunin, kuma ƙirga tana da illa. Tana sa a yanka aiki ɗaya gida huɗu: dalma maƙala, kadmiyom maƙala, damina maƙala, rani maƙala. Tana kuma tura matasa ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako biyu ba wanda ya duba. Jami'o'i da dama yanzu suna neman a ga wani kaso na takardun mutum a mujallun da Scopus, kundin mujallun bincike na duniya, ta lissafa, kuma hakan ya rage ɓarna. Mai tantancewa na ƙwarai yakan wuce shafin farko ya tafi sashen hanyar aiki kai tsaye, ya nemi fanko, ya nemi iyakar ganin na'ura, ya nemi maimaici, ya duba ko takardun mutumin, ko da 40 ne, tambaya ɗaya suke bi suna zurfafa ta ko kuwa tsince-tsince ne. Kuɗin aiki kuwa, TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu da aka kafa da dokar 2011, tana da ƙaramin tallafi da ake nema ta hannun jami'a da babba na ƙasa da ake gasa a kansa, amma ba kowa ke samu ba, kuma asid da gas da fitilu da yawa daga albashi ake sayen su. Fitila ma tana tsufa ko ba a kunna ta ba. A nan ya kamata a ambaci ma'aikatan fasaha na ɗakin gwaji, waɗanda suka san kukan kowace na'ura, suke lallaɓa ta shekara da shekaru. Sau da yawa ingancin lambobin sashe gaba ɗaya yana hannun mutum ɗaya daga cikinsu, kuma ya cancanci sunansa ya fito a takarda.

In kujera ta samu, sai laccar kama kujera, inda farfesa ke tsayawa gaban jama'a ya faɗi abin da ya gano a shekarunsa. Daga nan ayyuka su yi masa rubdugu: shugabancin sashe ko tsangaya, kwamitoci, zaman majalisar jami'a, jarrabawar ɗaliban wasu jami'o'i, tarukan Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Nijeriya da aka kafa a 1978. Hannunsa yakan bar bika. Abin da ba zai yiwu ya bari ba shi ne littafin gwajin ɗalibansa, mai ɗauri, mai lambar shafi, rubutun biro, da kwanan wata, inda kuskure ake ja masa layi ɗaya ya kasance ana iya karanta shi. Minti 20 a mako yana duba wannan littafin ya fi jan biro a kan kundin da aka riga aka ɗaure.

Sannan akwai mutanen da aka ɗebo ruwa a gonarsu. Mai lambu a bakin kogi ya ga an zo da kula da kwalabe, ya ba da alayyafonsa kyauta, ya cancanci a dawo masa da amsa da harshen da yake ji. Gwaji ɗaya mai sauƙi yana ba da amsar da zai iya aiki da ita. A raba ganyen gida biyu, a wanke rabi sau uku da ruwa mai tsabta kamar yadda uwargida za ta yi, a bar rabi yadda aka tsinko, a busar, a dafa, a auna su daban. Dalma ba ta cika hawa daga saiwa zuwa ganye ba, yawancin wadda ake samu a kansa daga ƙura ce da feshin laka, don haka wanki yana rage ta sosai, kuma shawarar ita ce a riƙa ba da ruwa ta gindi, a daina watsawa a kan ganye, a wanke kafin a kai kasuwa. Kadmiyom kuwa ta saiwa yake shiga ya zauna cikin ganyen, wanki ba ya fitar da shi. In shi aka samu da yawa, sai a auna tsamin ƙasar, don ƙasa mai tsami ta fi sakinsa ga shuka, a zuba mata farar ƙasa in pH ɗinta ya yi ƙasa da 6, a matsar da bakin tiyon injin ban-ruwa zuwa sama da inda magudani ke shiga kogi, a sake aunawa a rani mai zuwa.